Giga 32 a Jiki, Mega 16 a Kwamfuta

Ba a raba gadon mamaci sai an sauke bashin da ke wuyansa. Haka shari'a ta jera abin: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in ba ta haura sulusi ba, sannan magada su raba abin da ya rage. Kawuna da ya rasu a Dogon Daji falke ne, yana fataucin albasa da hatsi tsakanin ƙauyukan Kebbe da Tambuwal har zuwa Aliero, kuma wannan sana'a ba ta tafiya sai da bashi. Ka ba manomi kuɗin taki da na man injin ban-ruwa tun kafin dashe, ka karɓi buhuna a hannun wani a kan sai mota ta dawo daga Kudu. Shekara da shekaru yana rubuta wannan lissafi da ajami a wani littafi mai baƙin bango. Da ganinsa ya yi rauni sai ya koma ɗaukar muryarsa a waya. Bayan sallar isha'i yakan zauna ya faɗi wanda ya ba, da wanda ya karɓa a hannunsa, da wanda ke wurin lokacin da aka yi. Kowa a gidan ya san da haka.

Saboda haka da aka share makoki, babban ɗansa ya yi abin da kowane mai hankali zai yi. Ya buɗe wayar ya zare katin memori, ya naɗe shi a takarda ya adana. Ya leƙa cikin wayar ya ga babu hoto, babu sauti, babu komai, ya tabbatar duk abin yana kan katin, sai ya miƙa wa autan gidan wayar. Da lokacin lissafi ya zo ya kai katin shagon da ake buga takardu da kwamfuta a bakin titin Sakkwato zuwa Jega. Kwamfutar ta ce ba za ta iya amfani da katin ba sai an yi masa fomat. Allah ya taimaka mai shagon ya san fomat shafewa ne, bai danna ba. Amma ya duba girman katin ya yanke hukunci: a jiki an rubuta giga 32, kwamfuta kuwa mega 16 ta gani. Ya ce jabu ne. Ya sa wata manhajar dawo da fayilolin da suka ɓace ta yi ta lalube, ba ta fito da komai ba sai 'yan tarkacen da ba sa buɗuwa. Ya ƙara da cewa ko da an taɓa ajiye wani abu a kai, to ya goge.

A haka katin ya iso hannuna, da hukunci biyu a kansa.

"Ƙanena, kai ka san kan waɗanga abubuwa," in ji Yaya, babban ɗan kawu. "In babu, ka ce muna babu, mu san abin da za mu hwaɗa ma mutane."

Na ce masa, "Yaya, a ba ni shi, amma da sharaɗi ɗaya. Ba za a rubuta komai a kansa ba, ba za a sa shi a wata waya ba, kuma duk na'urar da ta nemi a yi masa fomat ko gyara, amsar ita ce a'a."

Na fara daga waje. Na zura katin a cikin adafta, wato wannan babbar rigar roba da ake sa ƙaramin kati a ciki, na tura a ramin laftof ɗina. Shiru. Babu ƙara, babu alama. Wanda bai saba ba a nan zai ce kati ya mutu, alhali tsakanin kati da allon kwamfuta akwai abubuwa da yawa da kowannensu zai iya zama mai laifin: ƙarafunan jikin katin, adaftar, ramin, na'urar karantawa, sannan manhajar kwamfutar. Hanyar gane mai laifi ita ce a canza abu ɗaya a bar sauran yadda suke. Na zare katin kawu na sa wani nawa da na san lafiyarsa ƙalau a cikin adaftar nan. Shi ma shiru. Ke nan adaftar ce ta lalace. Ba abin mamaki ba ne, domin babu wata na'ura a cikinta, siraran ƙarafuna ne kawai da ke haɗa ƙafafu 8 na ƙaramin kati da ƙafafu 9 na babba, kuma ƙurar hunturu da zufar aljihu sun isa su kashe ɗaya. Wani da ke zaune ya ce ko ɗan maɓallin nan na gefen adafta ne ya zame. Wannan maɓalli rubutu kawai yake hanawa, ba ya hana karatu, kuma ni da so samu ne ma a kulle nake son sa.

Na goge ƙarafunan katin da tsumma mai laushi, na ɗauko kad rida mai shiga ramin USB. A nan ma sai da na tsaya, domin katunan nan iri-iri ne ko da yake kamanninsu ɗaya. Kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba ne suka fito da katin SD a 1999, kuma na farkon ba sa wuce giga 2. A 2006 aka fito da SDHC mai kaiwa giga 32, a 2009 kuma SDXC mai wuce haka. Tsohuwar rida da aka ƙera kafin 2006 ba ta san yadda ake magana da SDHC ba, kuma har yanzu irinsu na yawo a kasuwa da cikin tsofaffin kwamfutocin da ake shigowa da su na hannu. Na gwada ridar da wani kati mai giga 32, ta karanta. Na sa na kawu.

Kwamfutar ta yi ɗan ƙaran nan da take yi in an sa mata sabon abu. Amma a jerin ma'ajiyoyi babu abin da ya ƙaru. Wannan ƙara shi ne labari mai daɗi na farko, domin yana iya nufin ƙaramar na'urar da ke cikin katin, mai kula da shiga da fitar bayanai, ta farka ta amsa sallama. Mataccen kati ba ya amsawa.

Yanzu sai hukuncin farko, na cewa jabu ne. Ban raina mai shagon ba, domin katin jabu ya cika kasuwanninmu kuma ya jawo wa mutane hasara mai yawa. Sai dai ƙaryar katin jabu sama take yi, ba ƙasa ba. Masu haɗa shi kan ɗauki kati mai ɗan ƙaramin ciki su sauya masa bayanin da yake ba kwamfuta, ya riƙa cewa shi giga 32 ne ko 64. Kwamfuta ta yarda ta nuna hakan. Mai shi ya yi ta zuba hotuna, har ranar da ya wuce ainihin cikin katin, daga nan sabon abu ya riƙa faɗawa inda babu, ko ya hau kan tsoho ya murƙushe shi. Akwai manhaja mai suna H2testw, daga mujallar kwamfuta ta c't a Jamus, da ake kama irin wannan kati da ita: tana cika shi da bayanai sannan ta karanto ta ga nawa ne suka dawo daidai. Ba zan iya amfani da ita a nan ba tunda rubutu take yi. Amma ban ma buƙace ta ba. Maƙaryacin kati ba zai ce shi mega 16 ne ba, domin babu ribar da mai haɗa shi zai ci da haka.

Akwai wata fassarar da ta fi wannan muni. Wani lokaci idan ƙwaƙwalwar cikin kati ta lalace, na'urar da ke kula da ita takan riƙa bayar da wani ɗan mitsitsin girma da ba shi da alaƙa da abin da aka rubuta a jiki. In haka ne, to aikin ya fi ƙarfin duk wani shago da ke tsakanin Sakkwato da Birnin Kebbi. Don in raba gardama sai na buɗe sashen Windows da ke nuna faifai ɗungurungum, ba wanda ke nuna fayiloli ba. Ga katin nan ya fito: giga 29 da 'yan kai. Wannan daidai ne ga kati mai giga 32, domin masu ƙerawa da dubu-dubu suke ƙirga, kwamfuta kuwa da 1024. Katin bai yi ƙarya ba, bai kuma mutu ba. Abin da ya ja hankalina shi ne an raba shi gida biyu: wani ɗan yanki a gaba mai mega 16 cif, sai babban yanki da ya cinye saura. Babu wanda Windows ta san irin tsarinsa a cikinsu, shi ya sa ba ta ba kowanne harafi ba.

Nan take sirrin mega 16 ya warware. Kwamfutar shagon tsohuwar Windows ce ke kanta, kuma kafin gyaran da aka yi wa Windows 10 a 2017, yanki na farko kaɗai Windows ke kulawa da shi a kan kati ko filashi. Mai shagon ɗan yankin gaba ya gani, ya ɗauka shi ne katin duka. Amma warwarewar wannan ta haifi tambayar da ta fi ta. Kati mai giga 32 daga masana'anta yanki ɗaya yake zuwa, da tsarin FAT32 wanda kowace kwamfuta da rediyon mota da ƙaramar waya ke karantawa. Wa ya raba wannan biyu, kuma don me? Kawu dai ba zai yi ba.

Kafin in ci gaba sai na tayar da laftof ɗin da Ubuntu daga filashi, na sa manhajar ddrescue ta kwafe katin kaf, tun daga ƙwayar farko har ta ƙarshe, zuwa fayil guda a kan faifaina. Wannan mataki ne da nake ganin bai kamata a tsallake shi ba a duk lokacin da abin da ke kan kati yake da daraja, domin daga nan duk wani bincike a kan kwafin za a yi, asalin ya koma cikin takardarsa. Kuma kwafewar kanta gwaji ce. Ta ƙare ba tare da ta ci karo da wuri ko ɗaya da ya ƙi karantuwa ba. Jikin katin lafiya lau.

Saura hukunci na biyu, cewa an goge. A nan ne na fi daɗewa, kuma a nan ne abin ya fi ɗaure kai. Yawancin katunan da ke ƙin buɗewa matsalarsu ɗaya ce: an zare su ana tsakiyar rubutu, ko batir ya mutu, sai jadawalin da ke faɗin inda kowane fayil yake ya rikice. Kamar rumbun da ƙofarsa ta rufta ne, hatsin na nan ciki, hanyar shiga ce ta toshe. Manhajojin ceto, irin su PhotoRec da Bafaranshen nan Christophe Grenier ya rubuta, ba sa bi ta kan jadawalin. Suna bin katin ne ƙwaya-ƙwaya suna neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita. Kowane hoton JPEG da lambobin FF D8 FF yake farawa. Sautin AMR, wanda ƙananan wayoyi da yawa ke ɗaukar murya da shi, da #!AMR yake farawa. Ko fomat aka yi wa kati na gaggawa, waɗannan alamomi na nan har sai an rubuta wani abu a kansu. To ga katin da dattijo ya yi shekaru yana zuba murya da hotunan jikoki a kai, a ce babu alama ko ɗaya? Wannan bai yi kama da lalacewa ba.

Na buɗe kwafin na dubi tsakiyarsa da idona. Wurin da aka shafe da gaske, ko wanda ba a taɓa rubutu a kai ba, sifili ne jere ko FF jere, shafi bayan shafi. Akwai irin wannan wuri a katin. Amma akwai kuma giga da dama cike maƙil da lambobi barkatai, babu tsari, babu maimaici, babu sunan fayil, babu sunan jaka, babu kalma ɗaya da ido zai kama. Hoto da sauti su ma in ka dubi cikinsu haka suke a hargitse, sai dai suna da kai mai alama, kuma a gefensu akan ga sunaye da ranaku a fili. Nan babu. Wani abu ya rubuta bayanai masu yawa a katin nan, kuma ya rubuta su ta yadda ba za su karantu ba. Ba gogewa aka yi ba. Kullewa aka yi.

Sai na koma can farkon katin, inda ake ajiye bayanin yadda aka raba shi. A nan na sami rubutun da ake iya karantawa. Da farko EFI PART, alamar tsarin rabon faifai na zamani da ake kira GPT, wanda ba shi ne katin waya ke zuwa da shi ba. A ƙasa kaɗan kuma sunayen yankunan biyu: na mega 16 sunansa android_meta, babban kuma android_expand.

Wayar ce ta yi. A watan Oktoba na 2015 Google ya fitar da Android 6.0, kuma a cikinsa aka zo da wani sabon zaɓi. Idan ka sa kati, waya za ta tambaye ka: a bar shi a matsayin ma'ajiyar da ake cirewa a kai wani wuri, ko a mayar da shi wani ɓangare na cikin wayar? In ka zaɓi na biyu, wayar za ta shafe katin, ta raba shi gida biyun nan, ta sa masa tsarin fayil irin na Linux, sannan ta rufe babban yankin da lissafin ɓoye bayanai na AES mai bit 128. Mabuɗin ba a kan katin yake ba. A cikin ƙwaƙwalwar wayar da ta yi aikin ake ajiye shi, ita kaɗai. Dalilinsu mai kyau ne, domin in katin zai ɗauki manhajoji da sirrin mai waya, bai kamata duk wanda ya tsince shi ya karanta ba. Wasu kamfanoni ba su so abin ba. Samsung bai sa shi a Galaxy S7 ba a 2016, haka LG a G5. Amma a ƙananan wayoyi masu giga 8 ko 16, irin waɗanda suka yawaita a hannun mutanenmu, zaɓin ya zama mafita ga wayar da kullum take kukan ta cika.

Wannan ya bayyana har abin da Yaya ya gani. In an haɗe kati da waya aka kuma mayar da ajiya kansa, to hotuna da sautuka da duk abin da aka sauke can suke komawa. Ka zare katin, wayar ta zama fayau. Ganin wayar babu komai shi ya sa ya ɗauka ba ta da sauran amfani a lissafin, alhali rabin abin na cikinta.

Ina son shaidar mutum kafin in tayar wa iyali hankali, don haka na tambayi inda kawu ya sayi katin. Aka kai ni wurin wani saurayi mai rumfar cajin waya, wanda ke tura wa mutane karatu da wa'azi da finafinai. Da ma ransa a ɓace yake, domin labari ya kai masa cewa ana faɗin ya sayar wa marigayi jabu.

"Malam, wallahi memorin nan mai kyau ce," ya ce. "Baba ya zo yac ce wayarshi kullum tana hwaɗin ta cika. Ni da hannuna na sa mashi, na haɗe ta da wayar yadda ba ta ƙara damunshi. Haka nike yi ma kowa."

Na tambaye shi ko ya gaya wa Baba cewa daga ranar katin ba zai ƙara buɗewa a ko'ina ba sai a wayar nan. Ya yi shiru, sannan ya ce shi kansa bai san haka ba. Na yarda da shi. Ya yi wa dattijo gyaran da ya nema, kuma gyaran ya yi aiki. Amma abin na ci mini rai, domin mutanenmu sun ɗauki memori tamkar kaset, abin da za ka zare ka ajiye ka ba magaji, kuma a kan wannan fahimta suke ɗora amanarsu. Suna da hujja. Data na da tsada, layi na zuwa yana ɗaukewa, kuma ba a manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Wanda ya ga haka ba zai yarda ya ajiye lissafinsa a intanet ba, abin da zai riƙe a hannu yake so. Wayar takan yi gargaɗi kafin ta haɗe kati, amma a rubutun da dattijon da ya yi karatun allo ba zai karanta ba, kuma mai danna masa sauri yake yi. Duk mai rumfar da zai yi wa mutum wannan haɗi, hakki ne a kansa ya faɗa masa da baki.

Yaya ya tambaya ko ba za a iya fasa kullen ba, ko a kai Kano ko Legas. Na ce masa yawan mabuɗan da za a gwada lamba ce mai gurabe 39, babu kwamfutar da za ta ƙare wannan. Hanya ɗaya ce: katin ya koma cikin wayar da ta kulle shi, kuma mabuɗin ya kasance yana nan. Abubuwa uku ke hallaka shi. A mayar da wayar yadda ta fito daga masana'anta, ko a yi mata filashin, wato a sake zuba mata manhajarta, ko a shiga wurin ajiya a danna inda wayar ke tambaya ko ta manta da katin da ya ɓace. Kowanne aka yi, ko katin na hannunka, ya zama hargitsin lambobi har abada.

"Ina wayar take?" na tambaya.

Auta na Tambuwal inda yake koyon ɗinki, wayar na wurinsa. Aka kira shi ta wayar maigidansa. Abin da ya faɗa ya ƙarasa tabbatar mini da komai, ya kuma sa gabana ya faɗi. Ya ce tun da anka ba shi wayar ba ta da lafiya: kyamara ba ta ajiye hoto, WhatsApp ba ya sauke murya, wasu manhajoji sun dusashe ba sa buɗewa, kuma akwai wani rubutu a sama da ya ƙi tafiya, da hoton memori a gefensa. Wannan rubutu wayar ce ke cewa a mayar mata da katinta, kuma muddin tana faɗin haka, ba ta manta da shi ba. Sai dai abokansa sun ce masa bairos ne, don haka ya kai ta wurin mai gyara kusa da tasha a yi mata filashin.

Yaya ya karɓi wayar. "Auta, tashi yanzu ka tai wurin mai gyaran nan. Ka ce mashi kar ya taɓa ta. Ko ya kunna ta kar ya danna komi. Ga mu nan tahe."

Muka hau mashin. Abin da ya tsare wayar ba wata dabara ba ce: Auta bai cika kuɗin aikin ba, mai gyaran kuma ba ya fara aiki sai an cika. Muka same ta a cikin akwatinsa da 'yar takarda manne a bayanta. Na kunna ta tukuna ba tare da katin ba, don in ga rubutun da idona. Yana nan. Kawu bai taɓa sa wa wayarsa lambar kulle ba, wannan ma ya rage mana wani aikin. Na kashe ta, na ciro katin daga takarda na mayar da shi gurbinsa, na sake kunnawa. Ta ɗan jima tana tunani. Rubutun saman ya ɓace, manhajojin da suka dusashe suka dawo da launinsu, na buɗe wurin ɗaukar murya sai ga jeri mai tsawo, kowanne da ranarsa.

Ban bari an saurari ko ɗaya a wurin ba, domin maganar bashin mutane ba ta bakin tasha ba ce, kuma aikin bai ƙare ba. Muddin sautukan na kan katin nan kaɗai, rayuwarsu na rataye da tsohuwar waya mai kumburarren batir. Dole a fitar da su ta cikin wayar, tunda ita ke warware kullen yayin da take miƙo fayil. Na haɗa ta da laftof, ta fara caji kawai, kwamfuta ba ta gan ta ba. Igiyar ce, yawancin masu arha na caji ne zalla, babu wayoyin da ke ɗaukar bayanai a cikinsu. Mai gyaran ya ara mini tasa, na zaɓi tura fayil a kan allon wayar, jakunkuna suka bayyana. Na kwashe komai, na buɗe wasu daga farko da tsakiya da ƙarshe na ga suna aiki, sannan na sake kwafewa a filashi biyu, ɗaya na Yaya, ɗaya na Inna.

A gida aka saurara, gaban Inna da 'ya'ya da limamin unguwa. Liman ya yi bayani tun farko cewa muryar ba ita ce hukunci ba. Abin da marigayi ya amsa da bakinsa cewa ana bin sa, wannan mai sauƙi ne. Abin da ya ce yana bin wasu kuwa sai an je an tambaye su, in sun musa a nemi shaidu. A nan ne al'adar kawu ta faɗin wanda ke wurin ta yi rana, domin kusan kowane bashi ya zo da sunan wanda za a tambaya. Yawancin abin da aka ji iyali sun san da shi. Amma akwai kuɗin albasar wani manomi daga wajen Kebbe da kawu ya ambata sau biyu, ya ce a rage masa kaza saura kaza. Mutumin ya zo ta'aziyya ya koma bai ce uffan ba, kunya ta hana shi. Washegari Yaya ya aika masa.

Da aka gama lissafi, iyali suka yarda a saki wayar, sai na ƙarasa gwajin da ya rage. Na shiga wurin ajiya na zaɓi a mayar da katin ma'ajiyar da ake cirewa. Wayar ta yi gargaɗin za ta shafe komai, na amince, tunda komai na wurare uku. Na zare shi na sa a ridar nan, na tura a laftof. Nan da nan ya fito da harafinsa, yanki ɗaya, FAT32, giga 29 da 'yan kai. Na cika shi da H2testw na karanto, bai zubar da ko ƙwaya ɗaya ba. Na bi ta shagon buga takardu na roƙi mai shi ya gwada a tsohuwar kwamfutarsa, ita ma ta buɗe shi, daga nan na wuce rumfar caji na shaida wa saurayin a gaban mutane cewa katin da ya sayar mai kyau ne.